Tsirkiyar da Mwajabu ta Wanke

Ranar Asabar, sha shida ga Maris na 1968, bayan La'asar, Hemedi Shemkai ya fara ɗora yatsa a kan tsirkiya mai santsi. Shekararsa ashirin da shida a lokacin, lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Tanga a ƙasar Tanzaniya, cikin masu lodin dilolin zaren igiya. An gama aiki da wuri a ranar, yana shirin sauka daga jirgi sai ya ji sautin jita daga ɗakin girki. Shi ma makaɗi ne, shekara huɗu ke nan yana kaɗa jitar lantarki a ƙungiyar Kisosora Jazz, amma kunnensa bai taɓa jin irin wannan ba. Da ya leƙa, sai ga kukun jirgin, wani mutumin Goa ta ƙasar Indiya mai suna Furtado, zaune a kan buhun albasa yana kaɗawa.

Furtado ya miƙa masa jitar. Hemedi ya ja yatsa daga sama har ƙasa, bai ji komai ya karce shi ba. Tsirkiyoyi huɗu masu kauri da ya saba da su, da waya mai mulmule ake naɗe su, kaushinsu kamar na magagari, in yatsa ya zame sai sun yi ƙii. Waɗannan kuwa da shimfiɗaɗɗen zirin ƙarfe aka naɗe su, aka goge sumul. Sautinsu ba ya tsalle, ba ya kaifi. A ƙasa yake fitowa, mai kauri, mai ɗumi, ya ɗan tsaya ya lafa, kamar dattijo yana magana a ɗaki.

Kafin jirgin ya tashi, Furtado ya ba shi ƙunshi uku na irin tsirkiyoyin. Hemedi ya kai masa kwando guda na lemu da ƙaton kifi. Ba su sake haɗuwa ba.

Hemedi mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, maganarsa kaɗan ce. Tafin hannunsa igiya ta cinye shi. In aka tambaye shi dalilin son waɗannan tsirkiyoyi, amsarsa ɗaya ce: "Kwana shida hannuna yana kan kaushi. Ranar Lahadi ma?" Cikin tsirkiyoyin jitar shida, sirara biyu marasa naɗi sukan tsinke, ya musanya su da duk abin da ya samu, har da wayar birkin keke. Huɗun kuwa ba ya cire su sai sun mutu murus. Ƙunshin farko ya yi masa shekara huɗu, na biyu shekara uku da wata bakwai. Ba ya goge su. Gumi da man hannu suna taruwa, su yi baƙi, sautin ya ƙara zurfi, shi kuwa ya ce yanzu suka nuna.

Mbwana Kombo, mawaƙin ƙungiyar kuma shugabanta, ba ya barin sa ya huta.

"Baban Zuwena, tsohuwar jitar taka har yanzu murar ba ta sake ta ba? Ka kai ta asibiti mana!"

"Gara mura da ɓerayen da ke cikin naku," in ji Hemedi. "Ƙii, ƙii, kamar an buɗe rumbu."

"To ai mutane ɓerayen suke wa rawa."

"Ƙafarsu ce ke bin ku. Ƙugunsu ni yake bi."

Gaskiya ya faɗa. A rawar yammacin Lahadi, in sauran suka yi shiru aka bar shi shi kaɗai, masu rawa sukan rage gudu, su matso kusa da juna.

A farkon Yuni na 1979 takarda ta iso: ma'aikatan gidan rediyo za su zo daga Dar es Salaam su ɗauki waƙoƙi shida, ranar Lahadi goma ga wata, ƙarfe tara na safe, a zauren ma'aikatan tasha. Yini ɗaya tak. Ba a taɓa ɗaukar sautin Hemedi ba, kuma ya san da wuya a sake. Ƙunshi na uku ne a jikin jitar, babu wani a bayansa. A shekarar kuwa sabulu ma sai da layi, balle tsirkiya.

Matarsa Mwajabu mace ce da ba ta iya ganin baƙi a jikin ƙarfe. Tukwanenta duk unguwa an san su, mutum na iya duba fuskarsa a gindinsu. Ranar Juma'a takwas ga wata, da Hemedi ya tafi masallaci, ta dubi jitar a jingine, ta ce a ranta ba za a yi baƙi daga Dar es Salaam su ga mijinta da wannan dauɗa ba. Ta kwaɓa toka da lemun tsami, ta ɗauko ɓawon kwakwa, ta zauna ta dirje tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya da iya ƙarfinta.

Ya dawo ya tarar da su suna walƙiya. Ta uku, wadda ta fi sirantaka a cikin huɗun, da ma naɗinta ya siɗe a wuri guda, yanzu ya warware, yana reto kamar ɓawon rake.

"Maman Zuwena," ya ce a hankali. "Wa ya taɓa?"

"Ni mana. Ba ka ga yadda suka fito ba? Dattin shekara da shekaru na cire maka."

"Dattin nan shi ne muryar."

Ya zauna a bakin gado da jitar a cinya. An kawo shinkafa da kwakwa da kifi, bai taɓa ba. Da faɗa ya yi, da ta rama, don ba ta rasa baki. Shirun ne ya kashe mata jiki.

Sauran ukun ba su lalace ba. Sun ɗan yi haske, amma in ya yini yana kaɗa su za su koma. Ta ukun ce matsala, kuma a kanta yake jan yawancin waƙarsa. Ranar Asabar da safe ya zaga shaguna huɗu da jirage biyu, bai samu ba. Mbwana ya cire ɗaya daga jitarsa ya ba shi, mai kaushi, wannan karon babu tsokana.

Ya ɗaura ta a tsakar gida, ya kunna lasifika. Yatsa na zamewa sai ƙii. Ya sake, ƙii. Cikin 'yan'uwanta ta fita daban, kamar yarinya mai tsiwa cikin dattawa.

"Zan ce wa Mbwana su yi babu ni," in ji shi. "Gara a ce ba a ɗauke ni ba da a ɗauki wani a kira sunana."

Mwajabu tana kankare kwakwa. Ta ajiye, ta goge hannu a zane, ta zo ta shafa tsohuwar tsirkiya, ta shafa sabuwar.

"Wai duk wannan ƙunci don kaushi ne kawai?"

"Kawai, in ji ki."

"Ciro ta."

"Ba ki gama da ni ba?"

"Baban Zuwena, shekara goma sha uku ina goge maka duk abin da ke gidan nan, har halinka. Ni na ɓata, ni zan gyara. Ciro ta na ce."

Ya ciro. Ta ɗaure kai ɗaya a jikin bishiyar mangwaro, ta ba shi ɗayan ya ja ya riƙe. Ta ɗauko dutsen wasa wuƙa, ta ɗiga man kwakwa, ta shiga gogawa, sama da ƙasa, tana juya tsirkiyar kaɗan kaɗan da yatsa don kada wani gefe ya fi wani ci. Shi kuwa sai gargaɗi yake.

"A hankali! In kika kai ga wayar ciki mun shiga uku."

"Kai dai riƙe. Ka taɓa ganin na huda tukunya?"

Tun bayan Azahar suke yi har La'asar ta wuce. Daga dutse ta koma toka mai laushi, daga toka ta koma tsumma. Da ya mayar da ita ya ja yatsa, shiru. Ya kaɗa. Ba ta kai ta Furtado ba, akwai sauran ɗan kaifi a ƙarshen muryarta, amma ta zauna cikin 'yan'uwanta. Ya kaɗa waƙa guda har ƙarshe, sannan ya ɗaga kai.

"Akwai sauran shinkafar jiya?"

Ranar Lahadi aka ɗauki waƙoƙi shida, aka tashi ƙarfe ɗaya saura kwata. A ta huɗu an bar shi shi kaɗai na kusan minti guda. Mai ɗaukar sautin ya cire abin kunnensa ya tambaya daga wace ƙasa aka kawo waɗannan tsirkiyoyi. Mbwana ya riga kowa: "Uku daga Goa, ɗaya daga madafin Maman Zuwena."

Gidan rediyon ya yi shekaru yana sa waƙar. Duk sanda aka zo wurin, Mwajabu takan ɗaga yatsa ta ce wa maƙwabta, "Ku ji tawa." Daga baya makaɗa biyu na garin sun kawo mata nasu ta goge. Jitar mijinta dai ba ta sake wanke ta ba.

Hemedi ya bar aikin tasha a 1992. Kisosora Jazz ta watse a 1986, amma ya ci gaba da kaɗawa a bukukuwan aure har ciwon gaɓɓai ya riƙe masa yatsu. Ya rasu ranar uku ga Oktoba na 2001, aka binne shi a garinsu kusa da Korogwe. Mwajabu ta bi shi bayan shekara biyar. Jitar tana gidan 'yarsu Zuwena a Tanga, a saman kabad, da tsirkiyoyinta huɗu, baƙaƙe.