Jaririyar da Ke Kuka Ranar Juma'a

Tun Sharaɗa tana da sauran gonakin dawa a bayan masana'antu Sista Rahamatu take zagaya gidajen masu jego. 'Yar Dakata ce. Mahaifinta mai gadi ne a wata masaƙa da ta daɗe da rufewa, a zamanin da jiniyar kamfani ke gaya wa mutane lokaci, kafin agogo ya yi arha. Da ta gama karatun jinya aka tura ta ƙaramin asibitin unguwa, ba ta kuma taɓa neman canji ba. Da safe awon ciki, da rana ta rataya jaka ta bi lunguna, ta duba cibiya, ta ga yadda jariri ke kama nono, ta lallashi tsofaffi su rage zafin ruwan wanka da kanwar kunu. Halinta da kowa ya sani shi ne tambaya, har matan unguwa suka sa mata suna Sista Me-ya-sa.

Bara aka haifi Zulfa a wani gidan haya da ya haɗa katanga da kamfanin roba. Ita ce 'yar fari ga Aina'u da mijinta Sagir, mutanen Jigawa, shi kuwa a kamfanin yake aiki. Injin niƙa roba yana ruri ba dare ba rana, har kwanukan jere suna rawa. Bayan suna, Aina'u ta riƙe hannun Sista, ta ce mata a hankali tana tsoron 'yarta kurma ce. An tafa, an buga ƙofa, murfin tukunya ya faɗi, yarinya ko motsi. Sista ma ta tafa kusa da kunnenta, babu labari. Ta ce za ta tura su babban asibiti, amma ba ta tashi ba, sai ta shiga tambayar yaushe yarinyar take barci, yaushe take kuka.

Inna Mairama, uwar Aina'u, wadda ta zo yi mata wankan jego, ta ce ai ƙawarta, wato jikar tata, ba ta da rigima sai ranar Juma'a. Da maza sun tafi masallaci sai ta ɓare baki, ba ta shiru sai sun dawo. Har ta fara tunanin karɓo mata rubutu.

"Me ya sa sai Juma'a?" in ji Sista.

"Yo Sista, da na sani ai da na buɗe nawa asibitin."

Da Juma'a ta zagayo, Sista ta zo da hantsi ta zauna a kan tabarma. Lokacin salla ya yi, ma'aikata suka fita, aka kashe injin. Gidan ya yi tsit, har ana jin kurciya a kan katanga. Nan take Zulfa ta buɗe ido ta tsala kuka.

Sista ba ta yi saurin murna ba, don ta san ko kurma yana jin girgizar ƙasa a jikinsa. Ta sa Aina'u ta ba ta nono har ta lafa, sannan ta zagaya bayansu ta ƙwanƙwasa cokali a jikin kofin silba. Yarinya ta zabura, ta watsa hannuwa, ta saki nono.

"Sista, don Allah ku sake," in ji Aina'u.

Ta sake. Zulfa ta sake zabura.

"Ja'ira," in ji Inna Mairama, "ashe kina jinmu, kika bar mu muna ta tafi kamar 'yan biki."

Duk da haka Sista ta tura su gwajin kunne, aka kuwa ce lafiya lau. A cikin rurin nan yarinya ta zauna tun tana ciki, shi ya sa shiru ne baƙonta. Sista ta sa aka mai da shimfiɗarta ɗakin da ya fi nisa da katanga. Tun daga ranar, duk gidan da ke maƙwabtaka da inji, ranar Juma'a take zuwa duba jin jariransu.