Ranar da Malam Umara Bai Zo Asambili Ba

Duk wanda ya yi firamaren gwamnatin nan da ke can cikin Bolori ya san Malama Rebeka, doguwar mace mai tafiya kamar ana jiranta a wani wuri. 'Yar Marama ce, can kudancin Borno. Ubanta ne ke buga ƙararrawar cocin garinsu, a wurinsa ta koyi cewa mai addu'a rufe ido yake yi. Aure ya kawo ta Maiduguri. Tana zaune a Gomari da mijinta Jona, wani akawu, kullum kuma Keke Napep ke kai ta Bolori ta koyar da aji uku.

A makarantar, addu'a biyu ake yi a asambili. Malam Umara, malamin Arabiyya, shi ke farawa: yara su ɗaga hannu, a yi Fatiha, a shafa. Sannan Rebeka ta fito, yaran Kirista, waɗanda ko layi biyu ba su cika ba, su sunkuyar da kai, sauran su yi shiru su jira.

Tun shekarun da ake ƙona makarantu, su biyun suka saba da wani abu da ba su taɓa furta shi ba. In Umara yana addu'a, Rebeka ta juya ta zuba wa ƙofa ido. In ita ta rufe ido, shi ya juya. Makarantar ba maigadi, ƙyauren kuma ɓari ɗaya ya rage.

Jona bai taɓa son abin ba.

"Makarantar gwamnati ce fa, Maman Gift," yakan ce yana ɗaura takalmi. "Ba coci ba ce, ba masallaci ba. Kowa ya yi tasa a gida, ya fito ya koyi lissafi. Kalma ɗaya yaro zai kai gida a karkace, mu kwana muna haɗa kaya."

"To in na daina, yaranmu su tsaya a rana suna kallon ta wasu?"

"Gara kallo da gudu."

Ita ma abin da take tsoro ke nan: sunanta ya shiga bakin unguwa.

Wata Litinin ta iso ta tarar Malam Umara bai zo ba. Ranar Asabar ya tafi gonar shinkafarsa a Zabarmari. Ta kira wayarsa, a kashe. Ta sake kira, a kashe. A garin nan, in an ce mutum ya tafi gona kuma wayarsa a kashe, ba a ƙara magana, kowa ƙasa yake kallo.

Hedimasta yana taro a ofishin ilimi. Sauran malamai kuwa, ranar Litinin sai rana ta ɗaga suke isowa. Yara sun riga sun ja layi, suna kallonta.

Ta tsaya tana auna abin. In ta yi tata ita kaɗai, kafin azahar za a ce malama Kirista ta tara 'ya'yan Musulmi ta yi musu addu'ar coci. In ta kora su aji, a ce ta ga Malam ba ya nan ta hana Fatiha. In ta fito da yaro ya ja, a ce ta mai da abin wasan yara. Ta ko'ina ta duba, sunanta ne a gaba.

A bakin ƙofa akwai Ba Ajimi, tsoho mai teburin fensir da biskit, wanda kuma shi ne ladanin masallacin unguwar. Duk abin da ya faru a makaranta da safe, da azahar yana masallaci. Shekara da shekaru, gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma a tsaye. Rebeka ta nufe shi.

"Wushe, Baba. Ina kwana."

"Lafiya, Malama. Yau ba a buɗe da addu'a ba? Na ga yaran suna ta shan rana kamar kuɓewar shanya."

"Malam Umara bai dawo ba, Baba."

Tsohon ya daina jera biskit.

"Wayarsa?"

"A kashe."

Ya ɗago kai. "To me kike so da ni?"

"Ka shigo ka ja musu tasu. Ni ba zan iya ba, kuma ba zan yi tawa kafin a yi tasu ba."

Ya dube ta ta saman tabarau.

"Ni da ban taɓa zama a benci ba, yau ni ne malamin boko? To, in kaya ya ɓace a teburin nan, ke za ki biya."

Ya shiga yana gyara hula. Da ya ɗaga murya, irin wadda ke tashin Bolori da asuba, yara suka ɗaga hannu. Rebeka ta tsaya a ƙofa, ta ba su baya. Wani Keke ya rage gudu, ta ƙura masa ido, ya wuce. Wani mai tura ruwa ya tsaya gyara jarka, ta bi hannunsa da ido har ya tafi.

Aka shafa. Ta dawo gaban layi, yaranta suka sunkuyar da kai. Ta ce, "Mu yi addu'a," amma idonta ya ƙi rufuwa. Ba kowa a ƙofa.

"Yi taki, 'yata," in ji Ba Ajimi, ƙasa-ƙasa, yana wucewa. "Daga teburina ina ganinku kullum. Na san inda Umara yake kallo."

Ya je ya tsaya a ƙofar, ya juya musu baya.

Ta rufe ido. Ta yi niyyar yin gajeriya, wadda ta saba, amma sai ta ji bakinta yana cewa, "Ya Ubangiji, ga Malam Umara a hanyar Zabarmari. Ka dawo mana da shi." Kafin ta kai ga rufewa da sunan Yesu, filin gaba ɗaya ya ɗauka, "Amin." Ba layi biyu ba, duka.

Ta buɗe ido a firgice. Abin da Jona yake faɗa ke nan.

Ranar ta koyar da lissafi alli na karyewa a hannunta. Duk takun da ta ji a baranda, sai ta ɗauka wani uba ne. Da aka kira azahar, muryar Ba Ajimi ce, ta kuma san inda labarin ya nufa.

Aka tashi. Dole ta bi ta gaban masallacin kafin ta samu Keke. Dattawa na zaune a inuwa, suka zuba mata ido. Ta ƙanƙame jakarta.

"Malama."

Ta tsaya.

"Maganar ta iso nan," in ji Ba Ajimi. "Jikan Liman ya riga ni kawowa."

"Me aka ce, Baba?"

"Liman ya ce a gaya wa yaran, gobe kowa ya jira addu'ar layinsa kafin ya ce Amin. Sannan ya sa mu ma muka yi wa Umara tamu." Ya gyara zama. "In bai dawo ba, ki kira ni da wuri, kafin in baza kaya."

Ta durƙusa kaɗan ta wuce. Sai da Keke ya bar Bolori ta saki jakar, ta ciro waya ta sake kiran lambar. A kashe.