Zhor da Yatsan da Ba a Sa wa Lalle

Kowace safiya, kafin ta kurɓi shayinta mai na'ana'a, Zhor Ait Lahsen sai ta ɗumama tafin hannunta a jikin kofin. Ta ce hannu mai sanyi ba ya gane ƙafa mai sanyi. Daga nan sai ta ja 'yar kujerarta a ɗakin masu ciwon suga na wani ƙaramin asibiti a garin Tarudant na ƙasar Maroko, ta hau aikin da za ta ajiye ƙarshen watan nan bayan shekara talatin da ɗaya: duba ƙafafun mutane.

Aikin ba abin kallo ba ne. Tana danna babban yatsa har ya yi fari, ta saki, ta ƙirga a zuci kafin jini ya dawo. Amma Zhor akwai son bin diddigi. Me ya sa jinin wani ke dawowa nan take, na wani kuwa sai ya yi ta jan jiki? Ta addabi Likita Mbarek da tambaya har ya zauna ya yi mata bayani. Insulin ba suga kaɗai yake saukarwa ba, yana kuma taimaka wa ƙananan hanyoyin jini na cikin fata su buɗe. In jiki ya daina jin maganarsa, sai su ƙi buɗewa sosai, ƙafa ta yi sanyi, ɗan rauni ya ƙi warkewa.

"Ai na daɗe ina gani," in ji ta. "Dalilin ne ban sani ba."

Babban abokin gabarta shi ne lalle, don yana rufe launin fata, mu kuwa matanmu gara ka hana su abinci da ka hana su lalle. Wata rana Hajja Rkia, tsohuwa mai shekara goma tana allurar insulin, ta shigo ƙafafunta jajur da lalle, saura mako guda bikin jikarta.

"Haba Hajja! Me zan gani a nan?"

"Ke 'yar nan, so kike in je biki fara fat kamar mai takaba?"

Zhor ta taɓa. Ta dama da ɗumi, ta hagu kamar tulu.

"Tun yaushe wannan ta yi sanyi?"

"Tun da Alhaji ya rasu komai nawa ya yi sanyi. Sakar min ƙafa."

Ba ta saki ba. Ta buɗa tsakanin yatsun, ta ga wani baƙi da ba na lalle ba. Ashe takalmi ne ya ji wa Hajja ciwo, ita kuma ta cusa lalle a wurin don ya bushe, yadda ta ga uwarta na yi. Likita ya ce da an ƙara mako, sai dai a yanke ƙafar.

Wata biyu Zhor tana wanke ciwon nan kullum, likita na daidaita allura. Ranar biki kuwa, tun ana farkon jinyar, Hajja na zaune, ƙafa bisa matashi, tana kallon 'yan uwanta na rawa tana zagin Zhor. Daga nan ne Zhor ta kafa doka: a yi lalle son rai, amma a bar mata manyan yatsu biyu. Yau masu ƙunshi a unguwar kan tambayi tsohuwa, "Ke ta Zhor ce?" kafin su fara.

Zhor, ke ce kika durƙusa inda wasu ke toshe hanci. Ke ce ba ki ji kunyar tambaya ba har da furfura. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu tasowa a aikin, ku sa a cire safa, ku taɓa, ku tambayi dalili.

Na tambayi Hajja Rkia ko za ta zo walimar ban kwana.

"Har yau ban yafe mata rawar nan ba," in ji ta. "Da ƙafata zan taka in je in gaya mata."