Kifayen da Na Tarar a Gidan Haya

Shekarar da na daina zuwa da komawa na zauna a Guangzhou, ina yi wa 'yan kasuwarmu na Kano sayayya da lodin kaya, na kama gida a Dengfeng. Ɗaki biyu ne da falo a hawa na shida, babu lif. Ranar da na je dubawa na tarar da wani dogon akwatin gilashi a jikin bangon falo, cike da ruwa da ganyaye da ƙananan kifaye suna ta kai-kawo.

Mai gidan tsohuwa ce 'yar China, gajera, gashinta fari fat. Malamar ilimin halittu ce a sakandare kafin ta yi ritaya. Gwiwoyinta sun gaji da hawa bene kullum, za ta koma wajen 'yarta a Nansha, can kuma babu wurin ajiye akwatin. Sharaɗinta ɗaya ne: duk wanda zai shiga gidan da kifin zai zauna, ita kuma za ta riƙa zuwa duba su bayan kowane mako biyu.

Ni 'yar masunta ce. A bakin kogin Wudil na tashi, kuma a gidanmu kifi ci ake yi ko a kai kasuwa. Ban taɓa tunanin mutum mai hankali zai ciyar da kifin da bai kai ɗan yatsa ba, har ya saka masa hita don kada ya ji sanyi. Amma gidan ya yi mini, yana kusa da masu canji da gidajen abincinmu. Na ce na yarda.

Ayi nake ce mata, wato inna da yarensu. Ita kuma lawban take ce mini, maigida ke nan, tana yi tana dariya. Turancinta kaɗan ne, nawa Sinancin kuma na kasuwa ne, na nawa ne da rage mini. Sauran zancen waya ce take fassara mana.

Zuwanta na farko ta iso tana haki, ta zauna ta huta, sannan ta tambaye ni kifi iri nawa ne a akwatin. Na leƙa na ce akwai ja, akwai rawaya, akwai mai baƙin zane, akwai wani mai ruwan hoda.

Ta ce, "Daidai. Huɗu. Amma duk dangi ɗaya ne."

Ta fito da wani tsohon littafin rubutu da gilashin ƙara girma. Ta ce Turawa barb suke kiran su, saboda ɗan gashin bakin da yawancinsu suke da shi. Mai baƙin zane huɗu a tsaye, wanda su suke ce wa fatar damisa, daga tsibiran Indonesiya ya fito. Jan daga Siri Lanka, gashin bakinsa biyu. Mai ruwan hoda daga Indiya, shi ko ɗaya ba shi da shi. Rawayan kuwa ɗan gida ne, na kudancin China. Ta ce tana yarinya a magudanar gonakin shinkafa take kama shi, kore-kore ne a can, masu kiwo ne suka fitar da rawayan.

A littafin na ga sunaye da yawa an soke su da fensir an rubuta wasu a sama. Ta ce lokacin da take koyarwa kusan dukkansu a ƙarƙashin suna ɗaya ko biyu aka tara su. Daga baya masana suka duba da kyau, suka ga ba haka ba ne, suka raba kowa da gidansa. Na ce mata kamar gandu ke nan idan 'ya'ya sun girma. Wayar ta kasa fassara gandu, sai na bar zancen.

Gaskiya ba sauraro nake yi sosai ba. Ina gyaɗa kai ne saboda girmanta, hankalina yana kan kwantenar da ba ta cika ba.

A watan Janairu na tafi Xintang karɓar wandunan jins da na ba da ɗinki. Na yi niyyar dawowa ran nan, amma na tarar ba a gama saka maɓallai ba, dole na kwana biyu. Kafin in fita daga gida na yi abin da na saba yi tun a Kano, inda wuta kan dawo da ƙarfi ta ƙona kaya: na bi soket ɗaya bayan ɗaya na kashe. Har da na hitar kifi. A kwana biyun nan aka yi wani sanyi da ban taɓa ji ba a garin.

Da na dawo, jajayen nan guda shida suna kwance a ƙasan akwati, sun mutu. Masu zane sun koɗe sun taru a lungu guda. Rawayan ne kawai da masu ruwan hoda suke yawo kamar ba abin da ya faru. Na tsaya da jakata a kafaɗa na rasa abin yi. Kifi dubu nawa na gani a mace a rayuwata, ban taɓa jin komai ba. Waɗannan kuwa amana ce, kuma saura kwana uku mai su ta zo.

Maƙwabciyata wata Hajiya ce 'yar Maraɗi, mai sayen atamfa da mayafai. Na kira ta ta gani. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Hajiya, kihi dai kihi na. Ki tai kasuwa ki sawo jajaye shidda ki zuba. Tsohuwa da tabarau, ina za ta gane?"

Na san ba daidai ba ne, amma na bi shawarar. Washegari na shiga jirgin ƙasa na tafi kasuwar kifin ado, rumfuna jere babu iyaka, kifi a ƙulle cikin leda kamar ƙanƙarar zoɓo. Na nuna wa mai rumfa ta farko hoto, ya ce meyo, babu. Na biyu ma haka. Na uku ya nuna mini wasu jajaye, girmansu ɗaya da nawa. Na karɓi shida na dawo na zuba.

Ran Lahadi Ayi ta zo. Ta huta kamar kullum, ta sha ruwan zafi, ta jawo kujera gaban akwatin. Ba ta yi minti ɗaya ba ta juyo.

Ta ce, "Waɗannan ba nawa ba ne."

Na leƙa akwatin daga inda nake.

Ta ce, "Zo ki gani." Ta ba ni gilashin, ta nuna mini bayan ɗaya daga cikinsu. Tsakanin babban fiffiken baya da wutsiya akwai wani ɗan ƙaramin fiffike, kamar tsoka, babu ƙaya a ciki. Ta ce barb ba ya da wannan, ko wane iri ne. Kuma barb ba ya da haƙori a baki, nasa a maƙogwaro suke. Waɗannan kuwa suna da shi. Wani dangi ne daban, daga Kudancin Amurka.

Ina ganin ɗan fiffiken nan bakina ya suɓuce na ce, "Ƙawara." Don na san shi. Ina yarinya na gyara ƙawara kwando-kwando, kuma a daidai wurin nan take da shi.

Sai kuma kunya ta kama ni. Na ɗauki waya na faɗa mata komai, tun daga soket har zuwa rumfa ta uku, ban ambaci maƙwabciyata ba. Ta karanta a hankali. Na ga idonta ya kawo ruwa, don jajayen nan a gidan aka ƙyanƙyashe su. Ta tashi ta buɗe durowar kicin, ta ɗauko jan salatif ta manne makunnin soket ɗin. Ta dawo ta zauna. Ba ta ƙara cewa komai a kan abin ba, ran nan ko bayansa.

Abin da ta ce shi ne, "Mene ne wannan da kika faɗa? Ka-wa-la?"

Na ce kifin garinmu ne. Na ce mahaifina masunci ne. Ta ajiye kofinta ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Wata uku ina zaune da kifinta ban faɗa mata ba. Ta ce a littattafai ta karanta cewa kogunan Afirka cike suke da ƙananan barb, gidansu daban, amma ba ta taɓa ganin ko ɗaya da idonta ba. Ko mahaifina zai sani?

A lokacin Baba ya tsufa, ya daina shiga ruwa, sai gyaran koma a ƙofar gida. Wayata da shi ba ta wuce minti biyu. Ya jiki, ya sanyi, Allah ya yi albarka, sai ya miƙa wa Yaya, babban wanmu. Ba faɗa muke yi ba. Shi bai san kwantena ba, ni kuma na bar kogi tun ina 'yar sha biyar, ba mu da abin faɗa wa juna.

Na roƙi Yaya ya samo mini ƙananan kifin nan na bakin gaɓa, waɗanda ake shanyawa a sayar da mudu. Ya yi dariya ya ce China ta taɓa ni, amma ya samo. Zuwan Ayi na gaba, da la'asar ɗinmu, hantsinsu, na kira su Baba ta bidiyo. Baba yana zaune a tabarma, ga roba da ruwa a gabansa.

Ya ce, "Wai waɗannan tarkacen ake son gani?"

Na ce, "Su ne, Baba. Malama ce, aikinta ke nan."

Ya sa hannu ya ɗauko ɗaya ya shimfiɗa a tafinsa, Yaya ya matso da waya. Ayi ta kusa manna hancinta da gilashin wayata. Tana ƙirgawa da yatsa: ɗaya, biyu, uku, huɗu. Gashin baki huɗu. Ɗan fiffiken baya kuma babu. Ta juya ta nuna rawayan da ke akwatin, ta haɗa yatsunta biyu. Na ce wa Baba ta ce 'yan uwan juna ne.

Baba ya ce a juya masa waya ya ga rawayan. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ba ta yi ƙarya ba. Dubi baki. Amma ki gaya wa Malama na robar nan ba iri ɗaya ba ne, uku ne."

Ya fara tsamo su yana jerawa a kan murfin roba. Wannan ɗigo uku gare shi a gefe, a yashi yake kiwo. Wannan layi ɗaya ne daga kai har wutsiya, cikin ciyawa yake. Wannan kuma fiffikensa yakan yi ja idan ruwa ya fara ƙaruwa. Ya ce ba su da suna a wajensu, don ba wanda yake sayen su ɗai-ɗai, amma duk masuncin ƙwarai ya san ba ɗaya ba ne. Ina fassarawa daga Hausa zuwa waya, waya tana kai wa Ayi, ita kuma tana rubutawa da sauri a sabon shafi. Mai ɗigo ukun ta same shi a cikin hotunan da take da su, da sunansa na masana. Ta nuna wa Baba. Ya ce, "To, ashe an san da shi."

Ran nan mun fi awa guda. Da za mu rabu ta miƙe tsaye, da gwiwoyin nan nata, ta ɗan rusuna wa wayar ta ce shiye-shiye, lawshi. Na ce wa Baba ta ce na gode, malam. Ya gyara hularsa. Yaya ya gaya mini daga baya cewa har masallaci sai da ya ba da labarin.

Daga nan wayata da Baba ta canza. Yakan sa a kira ni ya ce an kamo wani abu, in nuna wa Malama. Daga kifi sai mu gangara kan ruwa, daga ruwa zuwa shekarar da kogi ya cinye gonar kakanmu, da yadda ya haɗu da mahaifiyata a kasuwar kifi, abubuwan da ban taɓa ji ba. Na gode wa Allah da ya sa na ji su daga bakinsa, na kuma gode wa tsohuwar nan da ta ga laifina ƙiri-ƙiri ta zaɓi ta yi mini tambaya a kan ƙawara.

Da na je gida bayan azumi, Baba ya ce in raka shi bakin kogi da safe. Ya dafa kafaɗata muka gangara a hankali. Ya sa wani abokinsa ya jefa birgi, komar jifa, a wata 'yar kwana mai duwatsu, ya tsuguna yana tona abin da ya fito har ya samu wanda yake nema, wani ɗan siriri mai sheƙi.

Ya ce, "Wannan ne na huɗu, ran nan ba a samo shi ba. Ɗauki hotonsa da kyau, ta gefen kai, yadda za ta iya ƙirgawa."

Na ɗauka sau uku kafin ya yarda ya fito. Sannan ya mayar da shi ruwa, ya wanke hannunsa, muka hau gaɓa muka nemi inuwa.