"Na Tura" Ta Kai Mu Kontagora Ta Baro

Asuba ta yi mana a tashar Minna, ni da abokin aikina, mun nufi Kontagora. Manhaja muka haɗa wadda ke gaya wa manoma lokacin zuba taki da yaren Dukanci, kuma ranar za mu nuna ta. Kafin mota ta tashi na tambaye shi, "Gyaran Dukancin nan, ka tura?" Ya ce, "Na tura tun jiya." Na yarda.

Hanyar Zungeru zuwa Tegina sai dai haƙuri. Rami na bin rami, tankoki sun tare gaba, direba na zagin kowa har awaki. A Tegina muka ci masa mai tsada, miyar kamar an wanke tukunya. Duk ban damu ba, don ina ganin aikinmu ya kammala.

Muna isa na tarar da manoman sun riga mu. Tun daga Dukku suka taso, Kirista da masu gargajiya, ana tsakiyar noma. Na buɗe kwamfuta na buga git pull don in jawo gyaransa. Babu sabon abu. Na duba git log, wato jerin ayyukan da aka shigar, aikina na makon jiya ne a sama. Gumi ya karyo mini.

Ashe bawan Allah git add ya yi, ya yi git commit, ya tashi abinsa. Commit kuwa ajiya ce a cikin kwamfutarka kawai, sai ka yi git push aikin yake isa inda kowa zai ɗauka. Shi a wurinsa duk "turawa" ce! Kwamfutarsa tana ofis a Minna, makulli yana aljihunsa.

Haka na kunna tsohuwar manhajar, ta dinga zuba Turanci. Wani dattijo ya saurara, ya miƙe ya kakkaɓe wando.

"Yaro, ciyawa tana cin gonata. Wannan Turanci akwai shi a rediyo."

Suka watse. Shugabansu ya ce kada mu sake kiransu sai bayan kaka. Raina ya ɓaci har na kasa cin abinci.

Abin da na koyo: ban ƙara tambayar kowa "ka tura?" Ni zan yi pull in gani da idona. Da muka koma ofis abokin nan ya buga git push, kafin in zauna ya gama. Takin bana kuwa an zuba shi ba da mu ba.