Bakin Rafin Keziah

"Wannan ne gidan da ka yi mini alkawari? Ramin gafiya! Ƙasa na zubo mini a miya, maciji na leƙo ni daga rufi!"

"Haba Keziah, rage murya, ana jin ki."

"A ji mana! Kai ne dai ba ka ji."

Orpha Ledbetter tana tankaɗe a nata ɓangaren, komai a kunnenta. Gida ɗaya mazajensu suka gina da yankakkiyar ƙasa mai ciyawa, daidai kan iyakar gonakinsu a Nebraska, bango a tsakiya, don kowa ya kwana a filinsa. Dokar ke nan: ka zauna shekara biyar fili ya zama naka, ka tashi wani ya ɗauka.

Keziah Yelland 'yar mai ɗinkin takalma ce daga Devon ta ƙasar Ingila. Ta biyo mijinta Enoch da akwati guda da kofunan shayi shida, huɗu suka iso da rai. Ko sau ɗaya ba ta so ƙasar nan ba. Busasshen kashin shanun da ake girki da shi ma da tsumma take ɗauka. Amma akwai rafi a gonarsu, kuma Amos, mijin Orpha, ba ya wucewa ta wurin bai haɗiyi yawu ba.

In sanyi ya shigo akan ɗaura igiya daga ƙofar gida zuwa garke, don idan iska ta taso da ƙanƙara mutum ko tafin hannunsa ba ya gani. A shekara ta biyu Amos ya kwance igiyar ya jawo maraƙi daga rami, bai mayar ba. Sau biyu Orpha tana tuna masa, yana cewa tukuna. Da safe Enoch ya fita ba shanu ciyawa, iska ta rufe shi. Sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa a zaune, taku goma sha biyu daga ƙofa.

Mantuwa ce? Orpha ba ta taɓa tambayar mijinta ba, don tana tsoron kada ya amsa.

Da aka share makoki Amos ya leƙa.

"Baiwar Allah, ki koma wurin danginki. Mace ita kaɗai a dajin nan? Ni da kaina zan kai ki tashar jirgi."

"Sannu da tausayi, maƙwabci. Yaya maraƙin naka? Ya yi ƙiba?"

Ta ƙi tashi daga gonar. Ta koyi riƙe garma, hannuwanta suka yi kanta, ta daina neman tsumma. A coci ana yabon haƙurinta da son da take wa marigayi. Orpha kuwa ta san ba so ba ne ya riƙe ta. Kowace safiya Keziah takan doki bango sau ɗaya da muciya, daidai saitin kan Amos, sannan ta hura wuta.

A shekara ta biyar tari ya kama ta, har da jini. Ba ɗa ba jika, in ta tashi ko ta mutu kafin wa'adi filin zai koma hannun hukuma, Amos kuma ya riga kowa. Likita ya ce ta tafi birni jinya, ta ce birni ya zo. Amos ya soma gaishe ta safe da yamma yana duban idonta.

Ta kai wa'adin. Ranar karɓar takardar mallakar fili ana bukatar shaidu biyu, Orpha ta ɗaura hularta ta hau keken doki ta je ta yi rantsuwa cewa Keziah ta cika shekara biyar a filin. Ko don gaskiya ne, ko ita ma nata take ramawa a kan Amos, har ta tsufa ba ta tantance ba.

Bayan mako guda sai ga fasto da dattawa suna kafa turaku a bakin rafi. Keziah ta ba coci gonar duka, gefen ruwan kuma maƙabarta. Ba mai sa garma a kan kabari, ba mai koro shanu ta kai. Ita aka fara sawa, kwana tara bayan haka.

Ranar kafa turakun Orpha ta gan ta jingine da ƙofa, ta rame kamar sillen kara, tana kiran Amos da hannu.

"Maƙwabci, na san ka daɗe kana son wurin nan. Ban manta da kai ba. Na ce su bar maka daidai tsawonka."