Kalangu a Waƙa ta Uku

A hawa na tara na wani dogon bene muka tashi, a unguwar Minguettes, tafiyar awanni daga Paris. Babu murhu, sai ƙarfen ɗumama ɗaki da ke jikin bango, nan kakata Hajiya take jingina bayanta bayan magariba, mu kewaye ta. Tatsuniyoyinta duka muna yarda da su, har na kura mai magana. Labari guda ne ban taɓa yarda da shi ba.

Akwai wani faifan garmaho a ƙasan akwatinta, naɗe cikin zane. A bangonsa baƙaƙen Amirka ne su bakwai, da wanduna masu faɗin ƙafa. Ta ce a coci suka fara waƙa, suka koma kiɗan disko, duniya ta san su, daga baya suka watse. Wai da suka zo Paris ɗaukar wannan faifan, ɗayansu ya ji kakana yana kaɗa kalangu a wani bikin suna a unguwar Goutte d'Or, ya ja shi har ɗakin ɗaukar sauti.

Kakana ma'aikacin masana'anta ne a Saint-Fons, kusa da unguwarmu, ɗan gidan malamai, ban kuwa taɓa jin wanda ya gan shi da kalangu ba. Na duba bangon, babu sunansa.

"Hajiya, ina sunan?"

"Shi ya hana. So kake labari ya kai gida Damagaram a ce ɗan Malam ya zama makaɗi?"

"To a sa mu ji."

"Kai maigidan nan, ka cika bincike kamar ɗan sanda. Na ji sau ɗaya, ya ishe ni."

Labarin kuma sauyawa yake. Yau su bakwai, gobe tara. Yau da rani, gobe da sanyi. Mahaifiyata takan taɓe baki daga kicin. Ita a ganinta tsohon yana da abin da yake kai shi Paris, faifan kuwa toshiyar baki ce.

Bara Hajiya ta rasu. Na ɗauki faifan na kai wa wani dattijo a Goutte d'Or, Malam Ila, wanda aka ce ya yi wa mahauta kiɗa a Zinder, wato Damagaram. Ban gaya masa komai ba, don ina son in kama ƙaryar, ko ta wace ce. Muka sa faifan. A waƙa ta uku, ƙarƙashin busar ƙahonni, ya ɗaga hannu.

"Mayar baya. Wannan hannun namu ne. Take yake yi wa wata mace."

"Wace mace, Baba?"

Ya saurara har sau uku.

"Zara'u ta Birni, yake cewa. Ka san ta?"

Na san ta. Sunan da ke kan takardun Hajiya ke nan. Hajiya ce matar kakana ta fari, kuma saboda kunya bai taɓa kiran sunanta da bakinsa ba, har ya koma ga Allah.

Shekara talatin ina neman sunansa a bangon faifai. Ban taɓa tambayarta abin da ta ji a ciki ba.